Darasin Kimiyya: Ƙarin Abinci da Garkuwar Jikin Saniyar Tatsa a Lokacin Rani

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan saniyar tatsa yake, musamman wadda haihuwarta ta faɗo a ƙarshen rani, tsakanin Maris da Mayu, lokacin da ciyawa ta bushe, karan gona ya ƙare, damina kuma ba ta sauka ba. Tambayoyi biyu za mu bi. Me ya sa irin wannan saniya ce cuta ta fi saurin kayarwa? Kuma cikin abubuwan da ake ƙara wa dabba a abinci, wanne ne ke taimakonta da gaske, wanne ne zai iya jira?

Misalanmu daga gida za mu ɗauko su, wato Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ƙasar noman masara ce da dawa da auduga da waken suya, don haka dusa da kara da harawa da angurya ba baƙin abu ba ne a nan. Amma kun fi kowa sanin yadda rashin tsaro ya sauya kiwo. Dajin da a da ake kora garke cikinsa da rani, yanzu mutane da yawa ba sa iya shigarsa, shanu sun dawo bakin gari suna zagaya fili ɗaya. A 2021 gwamnatin Gwamna Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, har da waɗannan uku, kuma a irin wannan lokaci mai garke ba shi da damar sayar da bijimi ɗaya ya sayi abincin sauran. Saniyar da ba za ta je inda abinci yake ba, dole a kawo mata shi, kuma kuɗin kawowar kaɗan ne. Shi ya sa sanin abin da za a fara saya yake da muhimmanci.

Abin da ke faruwa a tumbi

Saniya ba da kanta take narkar da ciyawa ba. A cikin tumbinta akwai ƙananan halittu biliyoyi, waɗanda ido ba ya gani, su ne ke farfasa zaren ciyawa su mayar da shi wasu sinadarai masu tsami da jikinta ke ƙonawa ya sami ƙarfi. Su kansu halittun, idan suka gangara hanji, narkar da su ake yi, su zama mafi yawan furotin ɗin da saniya ke samu.

Waɗannan halittu suna da sharaɗi. Idan furotin ɗin da ke cikin abinci ya yi ƙasa da kusan kashi 7 cikin 100, ba sa hayayyafa yadda ya kamata. Ɗanyar ciyawar farkon damina ta wuce wannan ma'auni da nisa. Busasshiyar gamba ta watan Maris kuwa, da karan dawa da na masara, sukan tsaya tsakanin kashi 2 zuwa 4. Sai narkewar abinci ta yi nauyi, kara ya daɗe a tumbi, saniya ta rage ci domin babu wurin zuba sabo. Za ku ga cikinta a cike, amma haƙarƙarinta a waje. Ku dubi kashinta: na saniyar da ke samun abinci mai kyau yakan faɗi ya baje, wannan kuwa yakan fito a bushe, a murɗe zobe-zobe, idan kuka fasa shi da tsinke za ku ga guntayen kara yadda aka haɗiye su.

Mu yi lissafi a allo, a ƙiyasce. Saniyar Bunaji mai nauyin kilo 300 tana buƙatar furotin wajen giram 350 zuwa 400 a rana don ta riƙe jikinta kawai, sannan wajen giram 85 a kan kowace lita ta madara. Idan tana ba da lita 3, a haɗa da abin da maraƙi ke sha, buƙatarta ta kai giram 650 ko kusa da haka. Idan abin da ta ci kilo 6 ne na kara mai furotin kashi 4, giram 240 ta samu. Sauran giram 400 ɗin daga naman jikinta za ta ciro su, kullum.

Garkuwar jiki ma ci take yi

Kariyar jikin saniya hawa uku ce. Na farko fata da fatar ciki da ke shimfiɗe a hanji da huhu da mahaifa, da kuma ƙofar kan nono, wadda wani abu mai kama da kakin zuma ke toshewa bayan tatsa. Na biyu fararen ƙwayoyin jini, masu zuwa inda ƙwayar cuta ta shiga su haɗiye ta su kashe. Na uku sinadaran kariya da jiki ke ƙerawa musamman don cutar da ya taɓa haɗuwa da ita, ko wadda aka yi masa rigakafinta. Dukkan ukun da furotin ake gina su, kuma da sukarin jini suke aiki.

Tsadar wannan aiki ta fi yadda ake zato. A 2017 masu bincike a Jami'ar Jihar Iowa ta Amurka sun auna shanun tatsa na Turai waɗanda aka tayar wa garkuwar jiki da gangan, suka sami cewa ta cinye fiye da kilo 1 na sukarin gulukos cikin awa 12. Shanunmu ba su kai waɗancan girma ba, amma tsarin ɗaya ne. Sukarin da hantsa ke buƙata don yin madara, shi ne fararen ƙwayoyin jini ke buƙata don yaƙar cuta. Shi ya sa alamar farko ta rashin lafiyar saniyar tatsa ita ce raguwar abin da ke shiga ƙwarya.

Lokaci mafi hatsari shi ne mako 3 kafin haihuwa da mako 3 bayanta. Ɗan tayi ya girma ya matse tumbi, cin abinci ya ragu, ga dakashi ana haɗawa, ga madara na shirin zuwa. Jiki sai ya shiga narkar da kitsensa ya tura hanta. Idan kitsen ya yi wa hanta yawa, wasu sinadarai da ake kira kiton sukan taru a jini, kuma an tabbatar suna rage kuzarin fararen ƙwayoyin jini. A ranar haihuwa kuma sinadarin damuwa na kotisol yakan hau, kalsiyam na jini ya sauka, duka biyun suna ƙara raunana kariya. Wannan yana faruwa har ga saniyar da ke cikin wadata. To ku ɗora shi a kan wadda ta yi wata huɗu tana cin kara zalla. Daga nan ne ake samun mabiyiya ta ƙi faɗuwa, mahaifa ta yi ruwa mai wari, hantsa ta kumbura, ko kuma tsohuwar cutar da ke kwance, irin su sammore da ciwon hanta, ta tashi.

Abin da za a fara saya

Kafin komai, ruwa. Kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne, kuma saniyar tatsa a zafin bazara tana iya shan lita 40 zuwa 60 a rana. Wadda ake shayarwa sau ɗaya a yini ba za ta ci busasshen abinci da yawa ba, kome kyansa.

Bayan ruwa sai abin da zai cike giɓin furotin da muka gani a allo. Harawar wake da ta gyaɗa suna da wajen kashi 12 zuwa 14, idan an adana su da ganyensu. Kilo 2 na harawa zai ba da kusan giram 260. Tunkuzar angurya, wadda ake samu a yankin Funtuwa saboda auduga, takan kai kashi 25 ko fiye, don haka kilo 1 nata ya kai giram 250. Da waɗannan biyun an rufe giɓin. Wani abin sha'awa kuma, da zarar halittun tumbi sun sami furotin, saniya takan ƙara cin karan da a da take bari, wato ƙarin abincin ya sa wanda ke ƙasa ya yi amfani. 'Ya'yan gawo, waɗanda ke zuba daidai lokacin rani, da kowar wake da dusar masara duk suna cikin wannan sahu. Hattara ɗaya: angurya tana da sinadarin gosifol, wanda tumbin babbar saniya ke iya kashe kaifinsa, amma yana cutar da ɗan maraƙin da bai fara tuƙa ba.

Idan abin da ke hannu bai isa garke duka ba, kada a raba shi daidai. A ware masu tsohon ciki da masu sabuwar haihuwa a ba su. Ni a ganina wannan shawara ita kaɗai ta fi duk wani garin sinadari da za a sayo a kanti amfani.

Yuriya

A nan zan ɗan daɗe, domin kusan kowane gidan manomin masara a Faskari da Sabuwa akwai ragowar takin yuriya, kuma ana jin labarin cewa ana ba shanu. Gaskiya ne ana ba su. Yuriya tana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100, halittun tumbi kuma suna iya mayar da shi furotin. Amma idan ta shiga da yawa a lokaci ɗaya, takan rikiɗe ta zama amoniya fiye da yadda halittun za su iya amfani da ita, ta shiga jini. Cikin rabin awa zuwa awa ɗaya saniya za ta fara rawar jiki, yawu na dalala, ciki ya kumbura, ta faɗi, sau da yawa ta mutu kafin a kira likita.

Hanyoyi biyu ne masu aminci. Ta farko ita ce dunƙulen lasa, wanda ake haɗawa da maɗin rake da dusa da gishiri da ɗan siminti ko farar ƙasa ta gini don ya yi tauri, yuriya kuma ba ta wuce kashi 10 cikin 100. Taurin shi ne kariyar: saniya lasa za ta yi, ba gutsura ba, abin da za ta ci a rana bai wuce rabin kilo ba. Idan ruwan sama ya jiƙa shi ya taru a kwano, wannan ruwan guba ne. Ta biyu ita ce jiƙa kara: a narkar da kilo 4 na yuriya a ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na yankakken kara ko ciyawar shinkafa, a danne a rami, a rufe da leda ruf na mako 3. Idan an buɗe sai a baza shi ya sha iska kafin a bayar. Karan yakan yi laushi, launinsa ya koma ruwan ƙasa, furotin ɗinsa ya kusa ninkawa.

Ko ta wace hanya, ana farawa kaɗan-kaɗan har mako 2, ba a ba dabbar da ta kwana da yunwa, ba a ba maraƙin da bai kai wata 6 ba, ba a ba jaki ko doki, kuma takin NPK ba ya cikin wannan magana sam.

Gishiri, kanwa da ma'adanai

Makiyayanmu sun daɗe suna ba shanu kanwa da gishiri, kuma kimiyya ta ba su gaskiya. Ciyawa ba ta da isasshen sodiyam. Kanwa kuma danginta ɗaya da garin soda da manyan gonakin madara na Turai ke zubawa a abinci don rage tsamin tumbi. Abin da kanwa ba ta da shi shi ne fosfaras, wanda busasshiyar ciyawa ke da ƙarancinsa ƙwarai, alhali kowace lita ta madara tana fita da kusan giram 1.

Alamar rashinsa ba ta ɓuya. Saniya za ta riƙa tauna ƙashi, ta lashi ƙasa, ta ci tsumma da leda. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin shanun bakin gari: dunƙulen leda da igiya a cure, wani har ya cika bokiti. Wajen 1920, likitan dabbobi Arnold Theiler ya gano a Afirka ta Kudu cewa wata cutar shanyewar jiki da ke kashe shanu a can, asalinta rashin fosfaras ne: shanun na cin ƙasusuwan mushe don neman sa, su haɗiyi guba a ciki. Maganin yau shi ne gishirin lasa mai ɗauke da fosfaras. A karanta takardar jikinsa, domin wasu dunƙulen gishiri ne zalla da aka rina.

Akwai kuma waɗanda ake buƙata ɗan mitsitsi, amma su ne suka fi kusa da garkuwar jiki. Idan farar ƙwayar jini ta haɗiye ƙwayar cuta, da wasu sinadarai masu ƙuna take kashe ta, waɗanda ke iya ƙona ita kanta. Bitamin E da siliniyam su ne ke kare ta daga wannan. A wani gwaji da aka wallafa a 1984 a jihar Ohio ta Amurka, bitamin E da aka ba shanu kafin haihuwa ya rage kamuwa da ciwon hantsa da kashi 37 cikin 100, siliniyam kuma ya rage tsawon jinyar. Amma siliniyam da ake buƙata miligiram 0.3 ne kacal a kowane kilo na busasshen abinci, kuma idan ya yi yawa guba ne. Ba abin da za a haɗa da hannu a gida ba ne. Tutiya tana gina fata da kofato da toshiyar nan ta kan nono. Jan ƙarfe yana taimakon jini da fararen ƙwayoyi, rashinsa kan sa baƙin gashi ya koɗe ya yi ja. Sai dai tumaki ba sa jure yawansa, don haka gishirin lasar shanu ba na tumaki ba ne, ko da a gida ɗaya suke kwana.

Bitamin A daga koren ganye yake zuwa, hanta kuma tana ajiye na wata 2 zuwa 4. Ku ƙirga daga Nuwamba, za ku ga a Maris ajiyar ta ƙare. Shi ne ke kula da fatar ciki ta huhu da hanji da mahaifa. Harawar da aka shanya a inuwa ta riƙe korenta, ko ɗan ganyen zogale, ko allurar bitamin daga hannun likita ga mai tsohon ciki, duk suna toshe wannan kafa.

Yis da makamantansa

Yanzu ana tallar garin yis da na ƙwayoyin halitta masu amfani da sunan ƙarfafa garkuwa. Ba ƙarya ba ne. Yis mai rai yana shanye iskar oksijin da ke takura wa halittun tumbi, yana kuma rage tsami. An fi ganin amfaninsa a shanun da ke cin hatsi da yawa suna ba da lita 25 ko 30, kuma ko a can ƙarin bai cika wuce lita 1 ba. Mai shanu 'yan aure, irin haɗin Bunaji da Firisiyan da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta daɗe tana aiki a kai, yana iya gwadawa. Mai saniyar gida da ke cin kara kuwa, kayan ƙamshi ne a miyar da babu tuwo. Kuɗin ya sayi harawa.

Gubar fumfuna

Wani lokaci abincin da aka saya don taimako shi ne ke karya garkuwar. Masarar da aka zuba a buhu da danshi, da tunkuzar gyaɗa, da angurya, suna iya ɗaukar fumfunar da ke haifar da gubar afalatoksin. An gano ta ne bayan 1960, shekarar da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda garin gyaɗa da aka shigo da shi daga Burazil. Tana lalata hanta, tana danne garkuwar jiki, wani ɓangarenta kuma yana fita a madara, tafasawa ba ta kashe shi. Wato dusar da ta cure ta yi kore-kore tana warin ruma, wadda ake cewa a ba shanu tunda mutum ba zai ci ba, tana iya komowa cikin kindirmon da yara za su sha. Idan an daina bayar da ita, madarar takan tsarkaka cikin 'yan kwanaki.

Akwai yumɓun da ake kira bentonayit, wanda ake zubawa a abinci ya kama gubar a hanji ta fita da kashi. Na san wani zai ce ai Ƙanƙara garin farar ƙasa ne. Farar ƙasar Ƙanƙara kawolin ce, tsarinta daban, kuma ba ta kama wannan guba kamar bentonayit. Kariya mafi araha tana gona da rumbu: a busar da hatsi sosai, a ɗora buhu a kan katako, manomi kuma yana iya amfani da Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar don rage gubar tun daga gona.

Abin da ƙarin abinci ba zai yi ba

Maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin farar allura da jar allura da ake saya a kasuwa, ba abinci ba ne, ba kuma ya ƙara garkuwa. Tarayyar Turai ta hana zuba irinsa a abincin dabba don ƙiba tun 2006, saboda yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Matan ruga sun san alamarsa: madarar saniyar da aka yi wa allura takan ƙi kwanciya ta zama kindirmo, domin maganin ya kashe halittun da ke sa ta tsami. Irin wannan madara ba ta sha ba ce har sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba sun cika.

Haka nan babu gishirin lasar da zai hana ciwon huhu ko harbin daji. Wannan aikin rigakafi ne, irin wanda cibiyar Vom ta jihar Filato, da aka kafa a 1924, take samarwa. Abin da abinci ke yi shi ne sa rigakafin ya kama, domin jikin da ba shi da furotin ba zai ƙera isassun sinadaran kariya ba. Shanun da ke sha a fadama ko gefen madatsar ruwa irin ta Mairuwa kuma suna buƙatar maganin tsutsar hanta, in ba haka ba abin da aka ciyar tsutsa ce za ta ci.

Garkuwar maraƙi ita ma daga abincin uwa take farawa. Ana haihuwarsa ba shi da sinadaran kariya, sai abin da ya sha a dakashi, kuma hanjinsa ya fi karɓarsu a awa 6 na farko, bayan awa 24 ƙofar ta rufe. Uwar da ta haihu a rame dakashinta kaɗan ne. Dabara ta ƙarshe ba ta cin ko kwabo: ƙofar kan nono takan zauna a buɗe na wajen rabin awa ko fiye bayan tatsa, don haka a zuba wa saniya abincinta daidai an gama tatsar, ta ci a tsaye, kada ta kwanta a kan kashi.

Aikin gida

Kowa ya sami shanun tatsa uku a unguwarsu ko rugar da ke kusa, da izinin mai su. A tsaya a bayan kowace a dubi ƙashin ƙugu da gindin wutsiya, a shafa haƙarƙari, a ba ta maki daga 1, wato ramammiya ƙwarai, zuwa 5, wato mai ƙiba sosai. Wadda ke gab da haihuwa ana so ta kasance wajen 3. A rubuta abin da kowace ta ci jiya da kimanin nauyinsa, da sau nawa ta sha ruwa, da yadda kashinta yake. Sannan a yi lissafin furotin irin wanda muka yi a allo, a faɗi giram nawa ya rage mata, da kuma abin da ake samu a kasuwar garinku da zai cike shi a mafi ƙarancin kuɗi. Da waɗannan alƙaluma za mu fara darasi na gaba, kan yadda ake adana harawa da ciyawar damina tun daga kaka.